Bokiti marar suna ya ja min asarar da har yau ban manta ba



Akwai wata 'yar na'ura da nake yawo da ita a aljihun rigar aiki. Duk baƙon da ya zo gonarmu a Kademi sai ya ɗauka ya jujjuya, ya tambaye ni ko abin wasan yara ne. Girmanta kaɗan ya ɗara tafin hannu. Tana da faifai mai haruffa daga A zuwa Z da lambobi, tana da mariƙi da ake matsawa, sai wani siririn tef na roba mai gam a bayansa da ake zura mata. Ka juya faifan zuwa harafin da kake so, ka matsa, harafin ya taso fari fat a jikin tef ɗin. In ka gama kalmarka ka yanke ka manna. Iyakar aikinta ke nan. Ba ta cin batir, ba ta shan tawada, ba ruwanta da a kawo wuta ko a ɗauke.

Tsohon abu ne. Kamfanin Dymo na Amurka ne ya fara yin ta tun 1958, kuma iyayenmu da suka yi aikin ofis sun san ta a jikin fayil da durowa. Yanzu akwai ta Motex ta Koriya ta Kudu, akwai kuma 'yan Chana marasa suna.

Ra'ayina, wanda na san wasu za su yi wa dariya, shi ne mai kaji ɗari ko kwami biyu ya fi babbar gona buƙatar wannan abin. Babbar gona tana da sito, tana da mai kula da siton, komai yana cikin mazubinsa na asali da takardarsa a jiki. Mu fa? Abinci a kwano muke aunowa a leda in kuɗi ya yi kaɗan. Magani a raba sacet ɗaya da maƙwabci. Jarkar man gyaɗa ta koma ta ruwa, gorar lemo ta koma ta maganin ƙwari. Sannan aikin ba mutum ɗaya ke yi ba: yau kai ne, gobe ƙaninka, jibi uwargida, gata yaron maƙwabta. Duk abin da ke cikin kanka kai kaɗai, ranar da ba ka nan ya tafi tare da kai.

Ni a jikina na koya.

Ina da 'yan matan kajin ƙwai a ɗaki biyu. Ranar ba su rigakafin Lasota ta zo, na ba ɗaki na farko da kaina da asuba, sai tafiya ta kama ni zuwa Kano. Na bar wa ƙanena ɗaki na biyu, na yi masa bayani dalla-dalla: a janye ruwa su ji ƙishi, a buɗe kwalbar a cikin ruwan, a tabbatar sun shanye kafin awa biyu. Yaron ya yi komai yadda na ce. Abu ɗaya ne ban faɗa ba, don a ganina ba ya buƙatar faɗa. Muna da bokiti biyu shuɗaye iri ɗaya sak. Ɗaya na rigakafi, ɗaya na jiƙa maganin wanke ɗaki mai kulorin. Na taɓa rubuta wa na farkon suna da alƙalamin maka, rana da wanki suka cinye rubutun tun tuni. Ni ina gane shi da wata 'yar tsaga a bakinsa. Shi ina zai sani? Ya ɗauki ɗayan, ya ɗauraye sau ɗaya, ya haɗa.

Ga inda abin yake da ciwo. Rigakafin Lasota ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana, kulorin kuma aikinsa kashe ƙwayoyin cuta, ba ya tambaya ko ta rigakafi ce. Kaji suka sha ruwa kawai. Babu abin da ya nuna a ranar, muka rubuta a littafi cewa an yi. Bayan wasu makonni cutar Newcastle ta shigo unguwa, kajin gida suka fara zuba, ta tsallako mana. Ɗaki na farko 'yan kaɗan suka yi laushi suka tashi. Ɗaki na biyu kuwa kullum da safe sai na kwashe gawa, ga koren kashi, ga masu murɗaɗɗen wuya suna kallon sama. Likitan dabbobin da na kira tambaya uku ya yi, ta ukun ita ce a wane mazubi aka haɗa. Ƙanena ya nuna bokitin ya ce, "Yaya, ai wannan ne, na ma wanke shi." Ban iya yi masa faɗa ba, don laifin nawa ne.

To, na san abin da za ku ce. Me ya hana fenti? Me ya hana takarda da salatif? Me ya hana waya?

Fenti na yarda da shi, kuma ina amfani da shi. Lambar kwami a jikin siminti, lambar ɗaki a ƙofa, duk abin da ake so a hango daga nesa, fenti ya fi. Amma je ka rubuta da buroshi a murfin kwalba ko a hannun sirinji ka gani. Kuma a jikin roba mai lanƙwasawa ɓarewa yake yi. Takarda da salatif kuwa damina ɗaya ba ta kaiwa, a gonar kifi ma sati ba ta yi. Maka a ranar Afrilu da Mayu ta ƙasar Gaya, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wata biyu ka ga baƙi ya koma toka, toka ta koma babu. Waya tana da kyau wajen ajiye lissafi, amma wayar tana aljihunka a Wudil, mai ba da abinci yana tsaye gaban buhu biyu da ƙarfe shida na safe.

Abin da ya bambanta rubutun wannan na'ura shi ne babu tawada a cikinsa da za ta goge. Farin da kake gani robar ce da kanta ta miƙe ta yi fari a inda aka danna ta. Ko launin tef ɗin ya koɗe, harafin yana nan a tashe. Da daddare in fitila ta mutu ina shafawa da yatsa in gane makunnin famfon da na kama.

Me ya kamata a sa wa suna? Ni dokata guda ce: abin da ba ya canzawa, wanda kuma kuskure a kansa yake da tsada. Bokitin rigakafi yanzu RIGAKAFI KAWAI ne a jikinsa, da mazubin awonsa da sandar juyawarsa. Duron abinci kowanne da sunansa, don abincin kajin da ke ƙwai yana da sinadarin kalsiyam mai yawa saboda ɓawon ƙwai, in ka ɗora 'yan tsaki a kansa ƙodarsu ce za ta biya. A wajen tarwaɗa, robobin abinci 2MM, 3MM, 4MM, 6MM, don wanda bai saba ba da ido ba zai raba 3 da 4 ba, kuma ƙaramin kifi in ƙwayar ta fi bakinsa sai ta zauna ta ruɓe ta ɓata maka ruwa. Makunnan famfo, wanne ne na shiga, wanne ne na zubarwa. Wanda ya taɓa wayar gari ya tarar da kwami a bushe, kifi na birgima a ƙasa, ba sai na yi masa dogon bayani ba.

Sai shebur, tsintsiya, takalmin roba da raga. Tun Fabrairun 2006 da aka fara tabbatar da murar tsuntsaye a Najeriya, a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna, ake ta faɗa mana kada kayan aikin wani ɗaki su shiga wani. Kowa ya haddace wannan. Amma in shebur uku ne iri ɗaya jingine a bango, ta yaya za a bi dokar? Sa musu D1, D2, D3 magana ta ƙare.

Wani zai ce yaron gonarsa ba ya karanta boko. Gaskiya ne, kuma faifan ba shi da ajami. A nan launin tef yake aiki. Ja a wurina guba ne, kada a taɓa sai ina nan. Kore na rigakafi da abin sha. Shuɗi na kifi. Baƙi na sauran tarkace. Baffana da ke leƙa min gonar in na yi tafiya bai taɓa karanta ko ɗaya ba, amma ya san ja ya san kore, kuma ya san lamba.

Yanzu ga matsalolinta, don tana da su, kuma mafi yawan waɗanda suka saya suka jefar a nan suka tsaya.

Ta farko, ka yi ta matsawa tef ya ƙi fitowa. Kafin ka ce ta lalace, buɗe ka duba. A ciki akwai wata 'yar gangar roba da ke jan tef ɗin gaba taki ɗaya duk matsawa. In bakin tef bai kai wurinta ba, ko shekara za ka yi kana matsawa ba abin da zai motsa. Zaro shi, ka yanke bakin ya miƙe da almakashi, ka ɗan lanƙwasa shi baya don ya rage naɗewa, ka tura har ka ji ya cije, sannan ka matsa sau biyu ko uku. Fuska mai launi da sheƙi ita ce a sama. In ka juya shi haruffan ciki za su lotsa maimakon su taso. Wani lokacin kuma naɗin tef ɗin ne ya manne da kansa, musamman in ya kwana a mota ko a ɗakin kwano da bazara, gam ya narke ya tsatso ta gefe. Warware kamar taƙi ɗaya da hannu ka mayar. Nawa a gwangwani nake ajiyewa a ƙarƙashin gado, inda ya fi sanyi a gidan.

Ta biyu, haruffa su hau kan juna, ko tazara ta ƙi daidaita. Kusan kullum ɗayan biyu ne. Ko dai ba ka sakin mariƙin gaba ɗaya kafin ka sake matsawa, ko kuma ƙura ta lulluɓe gangar tana santsi. Ƙurar hunturu da garin abincin kaji ba abin da ba sa shiga. Tsohon buroshin haƙori da ɗan auduga da aka ɗiga wa sifirit sun isa. Don Allah kada ka zuba mata mai. Na ga wanda ya ɗiga baƙin mai wai ta yi laushi, man ya gangara kan robar, daga ranar ba ta ƙara jan tef daidai ba. Kuma kada ka riƙa fizgo tef ta baya da ƙarfi, haƙoran ciki na roba ne.

Ta uku, harafi ya fito rabi, ko ya fito dishi-dishi. Faifan yana da inda yake faɗawa a kowane harafi, za ka ji ɗan ƙas. In ka tsaya tsakanin haruffa biyu, rabin wannan da rabin wancan za ka samu, kuma kana iya karya haƙorin harafin. Jira ka ji ƙas ɗin, sannan ka matsa sau ɗaya har ƙarshe, da ƙarfi iri ɗaya. Kada ka maimaita matsawa don harafin ya ƙara fitowa, tef ya riga ya wuce, harafi biyu za ka samu. In ka yi duk wannan amma farin bai fito ba, tef ɗin ne marar kyau. Akwai masu arha da ke tasowa amma ba sa fari. Kafin ka sayi da yawa, buga kalma ɗaya a gaban mai shago. Ka kuma duba faɗi: yawancin ƙananan nan tef mai milimita 9 suke ci, naɗi ɗaya yawanci mita 3. In ka sa wanda ya fi siriri zai riƙa karkacewa, rubutu ya hau gefe.

Ta huɗu, yanka. A yawancinsu akwai hoton almakashi a faifan, nan za ka juya ka matsa. Tana yanke tef ɗin, ta kuma ɗan tsaga bakin don ka samu inda za ka kama ka ɓare bayan. In ta fara taunawa maimakon yankewa, gam ne ya taru a wuƙar, sifirit zai cire. In wuƙar ta dakushe gaba ɗaya ba asara ba ce, tura tef ɗin gaba ka yanke da almakashinka. Ka riƙa barin fili kaɗan kafin kalma da bayanta, in ba haka ba wuƙar za ta cinye harafin ƙarshe.

Ta biyar ita ce babba, ita ta fi ba ni wahala: ka manna yau, gobe ka tarar da shi a ƙasa. Wata na farko na kusa jefar da na'urar saboda wannan. Dalili biyu ne. Tef ɗin ya saba da naɗewa, kullum yana so ya koma yadda yake, sai bakinsa ya ɗaga. Sannan irin robar da ake yin jarka da bokiti da ita gam ba ya son kama ta, balle in akwai maiƙo ko ƙura. Abin da nake yi yanzu: in wanke wurin da omo, ya bushe sarai, in ɗan goga samfefa ya yi kaushi, in share da sifirit, in jira ya bushe. In yanke kusurwoyin tef ɗin su yi zagaye, don daga kusurwa ɓarewa ke farawa. In manna a inda ya fi shafewa, in danne da babban yatsa sosai, in bar shi kwana guda kafin ruwa ya taɓa shi. A kwalba ko bututu, a tsaye nake mannawa bisa tsawonsa, ba na zagaya shi.

Inda gam ya ƙi sam, na daina faɗa da shi. Sai in yanko ɗan falle daga gwangwanin lemo, in manna sunan a kai, in huda, in ɗaure da waya a hannun bokitin ko a wuyan famfo. A katako kuwa ƙananan ƙusoshi biyu ko sitefila. A siminti da bangon ƙasa kada ma ka gwada, koma wa fenti. Kada ka manna a cikin keji inda baki zai kai, kaza duk abin da ya yi sheƙi sai ta tsattsage shi. Haka cikin kwami inda ruwa ke kwana.

Akwai kuma abin dariyar da ya shafe mu Hausawa. Faifan ba shi da ƙ, ɗ da ɓ, kuma manyan baƙaƙe kawai yake bugawa. KWAI kowa zai gane, DAKI 2 ma haka. Amma na taɓa buga KARA a jikin wata roba ina nufin abincin da ake ƙarawa da yamma, ƙanena ya tsaya yana tambaya ko karan dawa za a zuba. Tun daga nan nake zaɓen kalmar da ba ta da fuska biyu. Wasu faifan kuma za ka nemi 1 ko 0 ka rasa, ba lalacewa ba ce, I da O ake bugawa a madadinsu. Babu gogewa kuma. In ka yi kuskure a harafi na tara, sai dai ka yanke ka faro. Shi ya sa nake fara rubuta kalmar a takarda, in taƙaita ta iya yadda za ta taƙaitu. Tef ɗin nan ba a kasuwar ƙauye ake samunsa ba, sai wajen masu kayan ofis a birni ko a yi oda ta intanet, don haka in ka samu ka haɗa da naɗi uku ko huɗu.

Inda ban yarda a yi amfani da ita ba shi ne abin da ke canzawa kullum. Ranar zuba kifi, ranar da aka fara magani, adadin da ya mutu, nauyin sati, wannan aikin littafi ne da allo da alli. Wanda ya ce zai riƙa buga kwanan wata da ita zai ƙarar da tef a banza, kuma wata rana tsohon kwanan wata zai zauna a jikin sabon zubi ya yaudare shi, don rubutun ba ya gogewa. Amfaninta a nan ya zama illarta. In ka canza abin da ke cikin mazubi, cire tsohon suna a take, kafin ka zuba sabon.

Kuma don Allah kada sunan da ka buga ya sa ka jefar da kwalin magani. A jikin kwalin ne lambar NAFDAC take, da ranar lalacewa, da yawan da za a ba, da kwanakin da za a jira bayan magani kafin a sayar da ƙwai ko a yanka. Tef mai milimita 9 ba zai ɗauki wannan ba. Magani ya zauna a mazubinsa. Guba irin su otapiyapiya da fomalin na masu ƙyanƙyasar kifi kuwa, ko ka manna musu jan tef goma, in a gorar ruwa suke yaro ɗan shekara uku gorar ruwa yake gani. Waɗannan makulli suke so.

Tawa da na saya kuɗinta bai kai na buhun abinci ɗaya ba, ta shiga shekara ta biyu, harafin R ya fara gajiya saboda RIGAKAFI da RUWA, sai na ɗan ƙara ƙarfi in na zo kansa. Bokitin nan mai tsaga yana nan har yanzu da koren tef ɗinsa a falle na gwangwani. Ɗayan kuwa na huda gindinsa, uwargida ta shuka na'ana'a a ciki.